Darasi na Tara: Sakin Jiki da Duniyar Kwaikwayo Wajen Rage Fargabar Masu Ciwon Zuciya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana abin da fargaba ke yi wa zuciya;
2. yin numfashin sakin jiki da kansa, ya kuma koya wa wani;
3. faɗin yadda tabarau mai duniyar kwaikwayo ke aiki, da dalilin da ya sa wasu asibitoci ke saka wa marasa lafiya shi;
4. rarrabe alamomin da za a iya kwantarwa a gida da waɗanda dole a garzaya da mai su asibiti.

1. Me ya haɗa fargaba da zuciya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi 32 cikin ɗari na dukan mace-macen shekarar. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. Waɗanda ke raye da ciwon kuwa sun ninka haka sau da yawa, kuma da yawansu na fama da wani nauyi da ba ya fitowa a hoton ƙirji.

Mutumin da aka sallamo daga asibiti bayan zuciyarsa ta ba shi tsoro yakan koma gida yana sauraren ƙirjinsa dare da rana. Ko ɗan motsi ya ji sai gabansa ya faɗi. Masu zuwa dubiya su ce masa ya cire damuwa, ya amsa da "to, na gode", amma babu wanda ya nuna masa yadda ake cire ta.

> Muhimmiyar kalma: Fargaba
> Tsoron abin da bai riga ya faru ba, wanda ke zuwa da alamomi a jiki: bugun zuciya da sauri, numfashi sama-sama, gumi, bushewar baki, ɗaurewar tsokoki da rashin barci.

Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo ga wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙodoji. Su kuma su saki wani sinadari cikin jini mai suna adiranalin. Nan take zuciya ta ƙara sauri da ƙarfin bugu, wasu jijiyoyin jini su tsuke, jini ya hau. Wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana wannan shiri a 1915: jiki ne ke ɗaura ɗamarar faɗa ko gudu. Ga wanda kare ya biyo, shirin alheri ne. Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta karen da ke bayansa da tunanin tiyatar da za a yi masa jibi.

> Muhimmiyar kalma: Adiranalin
> Sinadarin da jiki ke saki lokacin tsoro ko fushi, mai ƙara saurin zuciya da hawan jini.

Zuciyar babban mutum da ke hutawa takan buga tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti. A ce ta wani majinyaci tana buga 75, fargaba ta kai ta 100. Ƙarin 25 ke nan a kowane minti. A ninka da 60, a awa guda zuciyar ta yi ƙarin bugu 1,500. Lafiyayyar zuciya ba za ta damu da wannan ba. Wadda jijiyoyinta suka tsuke, ko tsokarta ta yi rauni, za ta nemi ƙarin iska da jinin da ba ta iya samu, sai ciwon ƙirji ko haki ya biyo baya. Majinyaci ya ji ciwon, tsoronsa ya ƙaru, zuciya ta ƙara sauri. Haka abin ke ta zagayawa.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Mai fargaba yakan daina tafiyar da likita ya ce ya riƙa yi, don gudun kada ya faɗi. Wani ya ƙi komawa asibiti don kada a gaya masa abin da ba ya so ya ji. Shi ya sa a asibitoci da dama ake auna fargaba kamar yadda ake auna jini. Akwai takardar tambayoyi 14 da likitoci biyu a Ingila, Zigmond da Snaith, suka fitar a 1983. Bakwai daga ciki kan fargaba ne, kuma wanda makinsa ya kai 11 cikin 21 ana ɗaukar yana buƙatar kulawa ta musamman.

2. Sakin jiki

Jiki na da totur, yana kuma da birki. Adiranalin na ɓangaren totur. Birkin kuwa wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya, ta isa zuciya da huhu da hanji, ana kiran ta jijiyar bagus. Mutum ba ya iya umartar zuciyarsa ta rage gudu, amma yana da iko da numfashinsa, kuma duk lokacin da ya fitar da iska a hankali wannan jijiya na ɗan rage saurin zuciya. Kan wannan aka gina dukan abin da ke tafe.

> Muhimmiyar kalma: Sakin jiki
> Dabarun da mutum ke koya don ya sassauta numfashi da tsokoki da tunani da gangan, har bugun zuciya da hawan jini su ɗan sauka.

Wanda ya fi yayata wannan a asibiti likitan zuciya ne, Herbert Benson na Harvard, a littafin da ya fitar a 1975. Ya nuna cewa abubuwa huɗu ake buƙata: wuri marar hayaniya, zama mai daɗi, kalma ko addu'a da za a riƙa maimaitawa, da kuma rashin kokawa da tunani, wato idan tunani ya kutso a bar shi ya wuce a koma kan kalmar. Benson da kansa ya ce bai ƙirƙiro komai ba, ya auna ne abin da masu ibada a addinai daban-daban suka daɗe suna yi. Wanda ya saba zama da carbi bayan sallar asuba ba baƙo ba ne a wannan fage.

*Yadda ake numfashin sakin jiki*

A zauna a jingina baya. A ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, a bar ciki ya taso, ƙirji kuma ya zauna kusan yadda yake. Sannan a fitar da ita ta baki, leɓɓa a ɗan tsuke, ana ƙirga ɗaya zuwa shida. Ba a riƙe numfashi, ba a yunƙuri. Idan huɗu da shida sun yi tsawo, a fara da uku da huɗu. Abin da ake nema shi ne fitar iska ta fi shigarta daɗewa. Wanda ya ji jiri ya dakata, ya koma numfashinsa na yau da kullum.

Misali na ɗaya. Wani tela mai shekara 58, mai hawan jini, likita ya ce jijiyoyin zuciyarsa sun fara tsukewa. Kullum da yamma idan masu kayan sallah suka cika shagon sai ya ji ƙirjinsa na dukan uku-uku. Ya koyi ƙirga bugunsa: ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ya ƙirga na daƙiƙa 30, ya ninka biyu. Ran nan ya samu 47, wato 94 a minti. Sai ya koma bayan shago ya zauna da carbinsa, kowane numfashi ya ja ƙwaya ɗaya. Shaƙa daƙiƙa 4, fitarwa 6, numfashi guda daƙiƙa 10 ke nan, wato shida a minti, alhali babba kan yi 12 zuwa 20. Ƙwaya 33 sau daƙiƙa 10 ya ba da daƙiƙa 330, minti biyar da rabi. Da ya gama ya sake ƙirgawa ya samu 41, wato 82. Bai buƙaci agogon ƙararrawa ba, carbin ya riƙe masa lissafi. A lura: da daddare ya sha maganinsa kamar kullum.

Akwai dabara ta biyu, ta wani likita a Shikago, Edmund Jacobson, wanda ya wallafa ta a 1929. Ana ɗan matse tsokar wani sashe na jiki, misali a dunƙule hannu na daƙiƙa biyar, sai a saki a saurari bambancin, a bi jiki gaɓa-gaɓa daga ƙafa zuwa fuska. Amfaninta shi ne mutane da yawa ba su san kafaɗunsu da muƙamuƙinsu a ɗaure suke wuni ba sai sun ji yadda sakin yake. Mai ciwon zuciya ya matse kaɗan kawai, yana numfashi, domin matsewa da ƙarfi tare da riƙe numfashi na ɗaga jini. Wanda aka yi wa tiyata a ƙirji kada ya taɓa tsokokin ƙirji da na kafaɗa sai likita ya yarda. Ta uku, ta likitan Jamus Johannes Schultz ce, daga 1932: mutum na kwance yana nanata wa kansa cewa hannuwansa sun yi nauyi, sun yi ɗumi.

Misali na biyu. Wata mai jego, wata biyu da haihuwa, ƙafafunta suka kumbura, haki ya hana ta barci. A asibiti aka ce tsokar zuciyarta ta yi rauni. Wannan ciwo sananne ne a ƙasar Hausa. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, har suka danganta yawansa da kunun kanwa da zafin wankan jego. Da aka sallame ta, ƙanwar mijinta da ta halarci irin wannan aji ta ce ta kwanta ta koya mata numfashi. Tana kwanciya rigingine sai hakin ya ƙaru, ta tashi a firgice. Kuskuren a ina yake? Mai raunin zuciya idan ya kwanta shimfiɗe ruwa kan taru a huhunsa. Aka tayar da ita zaune, aka jera mata matasai uku a baya, aka rage ƙirgan zuwa uku da huɗu, uwar mijin ta karɓi jaririn na minti goma. A haka ta iya. Da za ta koma ganin likita, ta gaya masa cewa har yanzu ba ta iya kwanciya shimfiɗe, domin wannan labari ne da yake buƙatar ji kafin ya daidaita mata magani.

3. Duniyar kwaikwayo

Wahalar sakin jiki ɗaya ce: hankali ba ya zama. Ka ce wa mai jiran tiyata ya rufe ido ya tuna wuri mai daɗi, yana rufewa sai wuƙar likita ta bayyana masa. Ga ƙarar na'urori, ga nishin maƙwabcin gado. A nan ne wata fasaha ta samu shiga.

> Muhimmiyar kalma: Duniyar kwaikwayo
> Wuri da kwamfuta ta zana ko kyamara ta ɗauka ta kowace fuska, wanda mutum ke gani ta cikin wani babban tabarau har ya ji kamar yana can. Ma'aikatan asibiti kan taƙaita sunanta da haruffa biyu, VR.

A cikin tabarau ɗin akwai allon hoto da gilasai biyu. Kowane ido ana nuna masa hoton da ya ɗan bambanta da na ɗan'uwansa, ƙwaƙwalwa ta haɗa su, sai mutum ya ga nisa da kusa. Akwai kuma na'urar da ke jin motsin kai: ka waiga dama, hoton ya waiga tare da kai, ka ɗaga kai, ka ga sama. A kunne ana saka sauti, kukan tsuntsaye ko gudun ruwa, da murya mai cewa a shaƙa, a fitar. An gwada irin wannan tabarau tun 1968, amma bai yi arahar shiga hannun jama'a ba sai bayan 2014, shekarar da Facebook ya sayi kamfanin Oculus, Google kuma ya fito da na kwali wanda ake zura wayar hannu a ciki.

Masu ƙuna na cikin waɗanda aka fara gwada wannan fasaha a kansu a asibiti. Daga 1996, Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washinton da ke Seattle suka fara saka wa masu ƙunar wuta tabarau lokacin wanke ciwo, aikin da zafinsa ba ya misaltuwa. Daga baya suka gina wata duniyar ƙanƙara mai suna SnowWorld, inda majinyaci ke jifan abubuwa da curin ƙanƙara. Majinyatan suka ce zafin ya ragu. Dalilin shi ne hankalin mutum na da iyaka. Abin da ido da kunne suka cinye, zafi da tsoro ba su samu ba.

Me ya sa kuma kusan kullum lambu ko bakin teku ko daji ake nunawa? A 1984 Roger Ulrich ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka cire wa matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabi na kallon bangon bulo. Masu kallon bishiyoyi sun riga barin asibiti, kuma ba su sha maganin kashe zafi mai ƙarfi kamar sauran ba.

A ɓangaren zuciya ana amfani da tabarau a wurare uku. Kafin tiyata, a zagaya da majinyaci ɗakin tiyata da ɗakin farfaɗowa ta cikin tabarau don kada ya farka cikin baƙin wuri. Lokacin gwajin jijiyoyin zuciya, wanda ake zura siririn bututu ta wuyan hannu ko matsematsi, mutum na farke, an kashe masa wurin kawai. Sai kuma lokacin gyaran jiki.

> Muhimmiyar kalma: Gyaran jiki bayan ciwon zuciya
> Shiri na makonni da asibiti ke tsarawa, mai haɗa motsa jiki a gaban ma'aikaci, koyar da abinci da magani, da kula da halin da zuciyar mutum da tunaninsa ke ciki.

A birnin Wroclaw na ƙasar Poland, Joanna Szczepańska-Gieracha da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2021. Masu ciwon jijiyoyin zuciya da ke gyaran jiki aka raba biyu. Kashi ɗaya suka yi zama takwas cikin wani lambun kwaikwayo wanda ke farawa a dushe, yana ƙara launi da rai daga zama zuwa zama. Ɗaya kashin suka yi dabarar Schultz. Makin fargaba da baƙin ciki ya fi sauka a wajen masu lambun. Gani ya kori ji.

Sai dai a yi hattara da ɗaukin sabon abu. Yawancin gwaje-gwajen nan kan mutane kaɗan aka yi su, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba yadda za a ɓoye wa majinyaci cewa shi aka ba sabuwar na'ura, wanda hakan kaɗai kan faranta rai. Abin da suka nuna shi ne raguwar fargaba. Ba su nuna tabarau na buɗe jijiya ko ƙara wa tsoka ƙarfi ba. A ra'ayina, asibitin da ke fama da ƙarancin wuta da magani, idan ya samu nas guda da ta iya koyar da numfashi da haƙuri, ya riga ya samu babban rabo daga wannan ilimi.

Misali na uku. A wani asibiti da ke da tabarau, an kwantar da wani dattijo za a yi masa gwajin bututu. Hannunsa na rawa.

"Baba, sannu da jiki. Akwai wani gilashi da za mu saka maka, ka ga lambu da ruwa maimakon fitilun nan. Ka yarda?"

"'Yata, idan na saka, ina zan san abin da ake yi mini?"

"Kana jin muryata, Baba, ina nan gefenka. In ka gaji ka ce a cire. Amma ka taɓa yin farfaɗiya? Mota na sa ka amai? An taɓa saka maka batirin zuciya?"

"Ko ɗaya."

"Madalla. In ka ji ciwo a ƙirji, kada ka daure, ka faɗa nan take. Hannun damanka kuma kada ya motsa."

Kowace tambayar nas ɗin na da dalili. Hoto mai walƙiya na iya tayar da farfaɗiya. Wasu mutane tabarau na sa su jiri da tashin zuciya, domin ido na cewa ana tafiya, jiki na cewa ana zaune. Shi ya sa ake zaɓar hoto mai natsuwa, zaman kuma ba ya wuce kamar minti 20. Wasu tabarau da abin kunnensu na ɗauke da maganaɗisu, wanda ake so ya nisanci batirin zuciya, wato na'urar da ake dasawa don daidaita bugun zuciya, da aƙalla santimita 15, don haka mai batir sai ya tambayi likitansa. A yi a zaune ko a kishingiɗe, da wani a kusa, a kuma goge tabarau kafin a saka wa na gaba. Wasannin tsere da na faɗa da matasa ke yi da irin wannan na'ura totur suke takawa, ba na majinyaci ba ne.

4. Inda numfashi ba ya isa

Fargaba da toshewar jijiyar zuciya na iya kama da juna, har likita ma sai ya yi gwaji yake rarrabewa. Saboda haka kada ɗan jinya ya yanke hukunci cewa "tsoro ne kawai". A tafi asibiti ba tare da jira ba idan aka ga ɗaya daga waɗannan: nauyi ko matsi a ƙirji da ya wuce 'yan mintoci ko yake tafiya yana dawowa, ciwon da ya bazu zuwa hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, gumi mai sanyi da amai, haki alhali ana zaune, suma, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai kasala mai tsanani da haki. Ana iya yin numfashin a cikin mota a kan hanya. Wanda kuma fargaba ta hana shi barci da abinci na makonni, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, ya gaya wa likita, domin akwai magani da shawarwarin ƙwararru don wannan.

Tambayoyin bita

1. Ambaci abubuwa uku da adiranalin ke yi wa zuciya da jijiyoyin jini.
2. Me ya sa ake so fitar iska ta fi shigarta daɗewa?
3. Wata mata ta ƙirga bugu 44 a daƙiƙa 30. Nawa ne bugunta a minti?
4. Idan mutum na shaƙa na daƙiƙa 3, yana fitarwa na daƙiƙa 5, minti nawa zai ɗauka ya yi numfashi 30?
5. Faɗi abubuwa huɗu da Herbert Benson ya ce ana buƙata don sakin jiki.
6. A misali na biyu, me ya sa kwanciya rigingine ta ƙara wa mai jegon haki, kuma yaya aka gyara?
7. Bayyana da kalmominka yadda tabarau mai duniyar kwaikwayo ke sa mutum ya ji kamar yana wani wuri.
8. Kawo dalilai biyu da suka sa ba a cika dogara da sakamakon gwaje-gwajen tabarau ba tukuna.
9. Su wa ya kamata su nemi izinin likita kafin su saka tabarau?
10. Maƙwabcinka mai hawan jini ya dafe ƙirji, yana gumi, ya ce hannunsa na hagu na ciwo. Me za ka yi, kuma me ba za ka yi ba?
11. Aikin aji: ku zauna bibbiyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya ƙirga bugun abokinsa, ku yi numfashi 33, ku sake ƙirgawa, ku rubuta lambobin biyu a littafinku don darasi na gaba.